Silinda Ta Uku da Kunnen Surukina

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, surukina kuwa ya riga mu isa. Da hantsi aka kai shi makwancinsa, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Rini, tun daga bakin zaure har gindin dogonyaron maƙwabta. Bakanike ne, mai gyaran injin mota, don haka rabin masu zaman makokin direbobi ne da mahauta da fataken shanu, mutanen da abincinsu ke rataye a wuyan tsofaffin motoci.

Kowa ya zo da labarinsa. Wani direban tasha ya yi addu'a ya shafa, ya ce, "Walle tun ina kwanar masallaci shika sanin ciwon motata. Kahin in tsaya ya aika a sawo abin da za a sa mata." Wani tsohon mahauci ya girgiza kai ya ce, "Kunne guda ad da Sakkwato, yau an turbuɗe shi." Limamin unguwa ya shaide shi da sahun farko. Wani kuma ya fara ba da labarin zagin da marigayin ya taɓa yi masa a kan baƙin mai, yana dariya, sai dariyar ta juye masa kuka, ya ja hularsa ya rufe fuska.

Ni ina can gefen tabarma, inda ya dace da mijin 'ya. Ba kowa ke dubana ba, amma wanda ya dube ni sai ya sake dubawa. Magana ta riga ta fito daga cikin gida cewa na shiga ɗakin mai jinya na yi ta ɗaga murya a kansa yana kan gargara. Kuma ba ƙarya aka yi mini ba. Da na shiga gaishe da mata, na tuɓe takalmi tun daga soro na durƙusa, sai Gwaggo, ƙanwar marigayin da ta zo daga ƙauye, ta kau da fuska.

"Wanga na?" in ji ta. "Wanda yay yi ma yayana kuwwa? Ashe an daina kunya ga birni."

Inna, surukata, ta ɗago daga cikin lulluɓin takaba ta ce, "Ki bar shi," amma muryarta ba ta kai ko'ina ba. Na fito da takalmina a hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau in na tuna kallon da matan nan suka yi mini sai na ji zufa a ƙeyata. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don kada a manta da irin mutumin da ya wuce, don kuma 'ya'yan Gwaggo su karanta mata, tunda bakina ba zai iya faɗa a gabanta ba.

Baba muke kiransa, mu da muka koyi aiki a hannunsa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da wata tsohuwar riga ta aiki da baƙin mai ya cinye launinta har ba wanda ya tuna asalinsa. Ranar da na fara zuwa garejinsa aka miƙo mini fulogi in wanke, na karɓa da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wanga hannun lalle na, ba na aiki ba." Sunan ya bi ni. Hannun-lalle kawo sifana, Hannun-lalle uban wa ya koya maka ɗaurin nan. In na yi kuskure tsumma ne ke sauka a ƙeyata, in na yi daidai sai ya ce, "To, yau an tashi da hankali." Ban taɓa cin abinci mai daɗi kamar wanda muke ci a kwano guda da shi a ƙarƙashin rumfar nan ba, yana tura mini nama yana zagina.

Karatunsa gajere ne. Yakan ce, "Inji abu ukku shika so: wuta, mai, da lumhwashi." Abin da yaran yanzu ke kira kwamfireshan, wato matsewar iska da mai a cikin silinda kafin fulogi ya ba da wuta, shi numfashi yake ce masa. In mota tana karkarwa tana tsallake bugu, mu mu ce tana misin, shi ya ce tana ɗingishi. Ba ya yarda a fara kwance inji. Sai ya sa a tayar da ita a bar ta a silo ba a taka mai ba, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. In ya zare inji ya ƙara rikicewa, ya mayar. In ya zare bai ji wani canji ba, sai ya nuna da baki ya ce, "Ga gurguwar nan. Wadda anka cire ba a ji rashinta ba, da ma ba ta aiki." Daga nan sai a tambayi gurguwar me ta rasa cikin ukun.

Wuta da mai kowa na iya dubawa. Numfashi ne nasa. Yakan dafa ƙarshen doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara mariƙinta a kunne, ya lumshe ido. Sai ya zagaya baya ya tsuguna gindin salansa yana saurare. Ya ce inji mai lafiya fitar da iska yake yi kawai, amma wanda bawul ɗinsa, wato 'yar ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi, ya ƙone yakan fitar ya ɗan tsotsa, ya fitar ya ɗan tsotsa. Shi ya koya mini zuba cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogi: in numfashin silinda ya dawo, ringis, wato zobban da ke hana iska zurarewa, su ne suka cinye, man ya toshe kafar na ɗan lokaci, in bai dawo ba, a nemi laifin a sama, wajen bawul ko gaskit. In kuwa silinda biyu maƙwabtan juna suka rasa numfashi tare, ya ce katangar da ke tsakaninsu ce ta faɗi, gaskit ne.

Motocin da ke zuwa masa kusan duk na hannu ne, waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa suka zo tsufa a tamu. Yana son su, yana kuma tsokanar masu su. "Tsohon doki sai mai shi," yakan ce, in wani ya fara yabon motarsa. Abin da ba ya yafewa shi ne ha'inci. Akwai wani dillalin motoci da ya kawo masa mai saye don ya shaidi inji. Baba ya zaro sandar auna mai, ya murza man a yatsunsa, ya ga ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. An ɗura shi ne don ya ɓoye hayaƙi da ringis da suka mutu. A gaban mai sayen ya ce, "Kwana nawa kaka so ta yi kahin asirinka shi tonu?" Dillalin ya yi rantsuwa, ya yi fushi, ya daina gaishe shi. Da aka yi wa dillalin haihuwa, Baba ne ya fara isa wurin suna, ya zauna a gaba, ya ci ya ƙoshi, ya ce faɗansa da man ne, ba da jaririn ba.

Akwai kuma wata malamar makaranta da mijinta ya rasu ya bar mata mota mai ɗingishi. Duk inda ta kai sai a ce inji ya mutu, a sauke a sa wani. Baba ya saurara ya ce bawul ne aka ɗaure da yawa har ba ya rufuwa sosai. Ya buɗe murfin sama ya sassauta, mota ta miƙe. Da ta buɗe jaka sai ya ɓata rai, ya ce ta je ta yi wa mai motar addu'a.

To, ni ne na ɓata zamanmu, ta hanyar halal. Na ga 'yarsa ta biyu tana kawo masa abinci, na aika magabatana, ya ba ni ba tare da ja-in-ja ba. Ranar da aka ɗaura aure, ranar zagi ya ƙare. Kowa ya san yadda ake tsakanin surukai a wajenmu: ba ka kallon idonsa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kama sunansa, in ka hango shi ka tuɓe takalmi, in za ka yi magana ka sunkuyar da kai ka yi ƙasa da murya. Shi ma kunyata yake ji, har ta fi tawa, don ta wajen uwa jinin Fulani ne. Kwanonmu ya rabu. Hannun-lalle ya mutu, ba a kuma raɗa mini wani suna ba. Na yi kewar tsumman nan a ƙeyata fiye da yadda zan iya faɗa wa maiɗakina.

Sai dai rumfarmu guda, aikinmu guda. Na so in buɗe nawa wurin, ya aiko 'yarsa ta gaya mini cewa in na tafi shi ma ya rufe. Dabarar da ya samo ita ce magana da mota. In yana son ya gyara mini aiki sai ya dafa bonet ya ce, "Ke wagga, hwaɗa ma mai sifana shi ɗaure ki da kyau, ba ɗaurin kallabi ba." Ni kuma in dubi taya in ce, "To." In ina da magana sai in sunkuya cikin inji in gaya wa inji. Direbobi suka yi ta dariya har suka saba. Haka muka yi shekaru, motocin mutane suna kai saƙo tsakaninmu, ba mu taɓa saɓawa ba.

Ban san ranar da kunnensa ya fara tafiya ba. Na dai lura rediyonsa ya ƙara ƙara. A ce masa ina gajiya, ya ce suna lafiya. Sukudirebar da yake karawa a kunne ya koma dafa ta a haƙori. Duk wanda ke garejin ya gane, ba wanda ya furta. Wa zai gaya wa mutumin da ake kira kunnen gari cewa ya kurumce? A gida kuwa suka ɗauka tsufa ne ya ƙara masa miskilanci, in ban da Inna da ta sani ta yi shiru. Ni na sayi geji, ɗan agogon nan mai allura da ake ɗaurawa a ramin fulogi ya nuna ƙarfin numfashin silinda, na ɓoye shi a akwatin kayana. Na san ra'ayinsa a kai. Ya taɓa gaya wa wata mota, ina ji, cewa wanda Allah ya ba kunne ba ya tambayar agogo.

Ana haka amininsa na ƙuruciya, wani Alhaji mai fataucin shanu, ya sayo mota ta hannu ya kawo. Jiki sumul, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, amma da an tayar sai sitiyari ya kama rawa, in ta zo hawa kuma sai ta riƙa shiƙa. Baba ya zare wayoyi, ya dafa hannu a kan inji, ya gane silinda ta uku ce gurguwar. Nan bai yi kuskure ba, tafin hannunsa ya gaya masa. Ya ce fulogi, aka canza. Alhaji ya tafi ya dawo. Ya ce kwayil mai ba fulogi wuta, aka canza. Alhaji ya sake dawowa, yana murmushi irin na wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa amma yana jin nauyin abota. Ni kuwa tun ranar farko nake jin salansar tana tsotsa. Da kunnensa na da ne, tun motar tana bakin titi zai faɗa.

Baba yana da al'adar zuwa ziyara Hubbare da safiyar Juma'a. Da ya tafi na fiddo gejina. Silinda ta ɗaya, ta biyu da ta huɗu, allura ta hau ta tsaya kusan wuri guda. Ta uku ko rabin hanya ba ta kai ba. Na zuba mata baƙin mai ta ramin fulogi kamar yadda ya koya mini, garin sauri har na zuba fiye da cokali, na sake gwadawa. Allura ba ta motsa daga inda take ba. Ba ringis ba ne ke nan, maƙwabtanta kuma lafiya lau, da wuya a ce gaskit. Bawul ne ya ƙone, aikin buɗe sama kawai. Ina cikin mayar da fulogai na hango shi tafe tare da Alhaji, na tura gejin ƙarƙashin tsumma na koma gefe.

Baba ya sa aka tayar da motar. Man da na zuba ya kama ƙonewa, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayanta. Baba ya ga hayaƙin, na ga fuskarsa ta saki, kamar wanda ya daɗe yana neman hanya ya hango fitila.

"Gani ya kori ji," in ji shi. "Alhaji, ringis na. Sun cuce ka. Sai an sauke injin ga dut."

Hayaƙin nan nawa ne, ni na haɗa shi da hannuna. In na yi shiru za a sauke injin da ba shi da laifin saukewa, a buɗe a ga ringis lafiya, a gaban amininsa da duk masu zaman rumfa, sunan da ya gina tun kafin a haife ni ya zube a yini guda. In na yi magana kuma, na ƙaryata surukina a bainar jama'a. Sai na bi hanyar da muka saba. Na sunkuya cikin inji, na yi ƙasa da murya, na ce, "Ke wagga, hwaɗa ma Baba hayaƙin ga na man gwaji na. Bawul na yaƙ ƙone."

Bai ji ba. Yana ta nuna wa Alhaji inda za a fara kwancewa. Na sake faɗa, na ɗan ƙara murya, kaina na ƙasa. Bai ji ba. Amma Alhaji ya ji, direbobin da ke kan benci sun ji, mai shayin da ke gefe ma ya tsaya da juya cokali. Kowa a wurin ya san Baba ya yi kuskure, sai shi kaɗai yana ta bayani da ƙarfin murya irin ta kurame. Ladabin da na yi don in rufa masa asiri shi ya tona shi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma rabinta ba tawa ba ce, tasa ce nake ɗauke da ita bai sani ba.

Ya tsaya a tsakiyar magana. Ya ga idanun mutane ba a kansa suke ba, a ƙeyata suke. Ya waiwaya ya dubi salansa, ya ga hayaƙin ya sirance, yana neman ɗaukewa. Hayaƙin ringis ba ya ɗaukewa haka, shi ya koya mana. Ya ɗaga tsumma ya ga gejin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Hannun-lalle."

Rabona da jin sunan nan tun ina saurayi. Na durƙusa.

"Tashi. Tada kanka ka dube ni." Na ɗago kaɗan. "Ga idona nic ce. Motar ga ba ta kai saƙo yanzu, kunnena ya mutu. Bakinka nika son gani. Mi kag gani?"

Na ce, "Bawul," ina kallon gemunsa.

"Ban ji ba."

"Bawul na, Baba."

"Kai, barin kashi ga ciki ba shi maganin yunwa. Buɗe baki."

Na dubi tsakiyar idon surukina, abin da ban yi ba tun ranar ɗaurin aure, na ɗaga murya har masu wucewa suka waiwayo, na ce bawul ɗin silinda ta uku ya ƙone, hayaƙin kuma ni na zuba mai. Ya bi leɓena da ido har na gama. Sai ya yage ɗan ɓallin takarda daga kwalin fulogi, ya zagaya ya tsuguna da ƙyar, ya kara ta a bakin salansa. Takardar ta yi waje, ta dawo ta manne, ta yi waje, ta dawo ta manne. Ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Alhaji, ka yi haƙuri, na ɓata maka kwanakki. Bawul na. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tun bara ban jin komi." Ya nuna ni da haɓa. "Ga kunnena nan, daga yau." Sannan ya ɗauki tsumman ya maka mini a ƙeya, ya ce, "Cokali guda nic ce, ba ludayi ba."

Aka yi dariya, ni kuwa na shige ƙarƙashin bonet don kada a ga idona. Da muka buɗe sama muka tarar da gefen bawul ɗin ya cinye kamar ɓera ya gutsira. Baba ya ajiye shi a aljihu, ya riƙa nuna wa mutane yana cewa ga abin da ya kama shi.

Daga ranar aikinmu ya canza. Ni ke saurare, in juyo in dube shi ido cikin ido in faɗa da ƙarfi, shi kuma ya yanke hukunci. Gejin ma ya karɓe shi, yana kiransa makahon agogo, amma ba ya barin a buɗe inji sai an tambaye shi. Ya saba da bakina har ya zama ko ban ɗaga murya sosai ba yana karantawa. Bakin kowa kuwa, in ji shi, kamar na mai tauna goro yake. Ban daina jin nauyi ba. Kullum na buɗe baki a fuskarsa sai na ji kamar na taka Alƙur'ani da takalmi. A gidansa kuma ban canza komai ba, ina tuɓe takalmi, ina durƙusawa, ina gaisuwa da kai a ƙasa, shi kuma yana amsa abin da bai ji ba. Shi ya so haka. Ya ce gareji daban, gida daban, kada a ce ya lalata mijin 'yarsa.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ranar ƙarshe, bayan la'asar, ina zaune a zaure tare da maƙwabta, don suruki ba ya shiga ɗakin jinya. Sai ga maiɗakina ta fito ba ko mayafin kirki, ta tsaya a bakin ƙofa. A gaban mutane ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba.

"Taso," ta ce. "Suna ta laƙƙana mai, ba shi ji. Bakinka ɗai shika ganewa."

Na shiga. 'Ya'yansa maza suna kewaye da shi, kowa ya sunkuyar da kai yana maimaita kalmar shahada a hankali, da ladabi, yadda ake yi. Gwaggo tana gefe da carbi. Shi kuwa idonsa a buɗe, yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana neman bakin da zai karanta, duk sun ɓoye bakunansu a ƙirji. Na san wannan kallon. Shi ne wanda ya yi ranar motar Alhaji, lokacin da kowa ya ji sai shi.

Na tsallake ƙafafun manya, na durƙusa a kansa, na tallafi fuskarsa da hannuwana biyu na juyo da ita gare ni. Na ji Gwaggo ta ja numfashi. Ya dube ni, goshinsa ya saki, leɓensa ya motsa, ina jin sunan nan nawa ya so ya kira. Na buɗe baki sosai yadda ya koya mini, na faɗi kalmar da muryar gareji, wadda ake ji har bakin titi. Ya bi leɓena. Na sake faɗa. A karo na gaba ya kama, ya bi ni gaɓa-gaɓa har ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa amma duk wanda ke kusa ya ji. Bai ƙara cewa komai ba bayanta.

Wannan ita ce kuwwar da aka ji daga zaure, Gwaggo. Ba na cewa ba ki da gaskiya. Yadda aka rene ki haka aka rene ni, kuma har gobe in na hango ki zan tuɓe takalmi tun daga nesa. Kunyar tana nan, ban tsammanin za ta bar ni. Amma na taɓa yi masa ladabi da kai a ƙasa sau ɗaya a lokacin da yake bukatar ji, na ga abin da ya haifar, ban iya sakewa ba.

Bayan addu'ar bakwai na buɗe garejin. Motar farko da ta shigo tana ɗingishi, na zare wayoyi na sami gurguwar, na tsuguna na ji salansa tana tsotsa. Na juya dama, inda Baba yake tsayawa, na buɗe baki zan faɗa da ƙarfi. Mai motar ya ja da baya yana kallona. Na rufe bakina na ɗauko sifana. Baba ne ya ce wadda aka cire ba a ji rashinta ba, da ma ba ta aiki. Tun da aka zare shi rumfar nan take karkarwa.

Allah ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya yalwata masa kabari, ya mayar masa da jinsa ya ji sallamar mala'iku da kunnensa, ba sai wani ya ɗaga murya ba.